Sojan da Ya Amsa Sunan Hudu

Ƙarfe huɗu na yamma ne, ruwan Yuni yana zuba tun azahar, babbar kwatar unguwar Nima da ke Ankara, babban birnin Gana, ta cika har tana amayar da robobi kan hanya. Nasrullahi ya kashe injin walda saboda ruwan, yana zaune bakin shagonsa a Maamobi, maƙwabciyar Nima, yana kallon titi, sai ga wata maƙwabciya ta zo a jiƙe ta ce masa ya taso, kakarsa ta faɗi.

Ba faɗuwa ta yi ba. Ture ta aka yi.

Su Nasrullahi ɗaki biyu suke zaune a bayan babban gidan marigayi Alhaji Hudu, kuma tun zamanin kakanni a nan suke. Ruwan rufin babban gidan a ƙofar Kaka Sabuwa yake sauka. Ran nan ta fita ta kau da bulo guda don ruwan ya samu hanya, sai ya bi ta tsakar gida. Fa'iza, matar Hakim jikan Alhaji, ta fito da tsohon cikinta tana masifa. Magana ta kai magana, Fa'iza ta sa hannu biyu ta tura tsohuwa, goshinta ya daki bakin randar siminti.

Ya same ta zaune a kan tabarma, jini ya bi gira ya shiga ido. Ya ɗebo ruwan ɗumi da gishiri yana goge mata a hankali.

"Zan yi wa Hakim magana, Kaka."

"Bar Hakim. Ka ji abin da ta kira ni?"

"Ban ji ba."

"'Yar wanda ya gudu. Yarinyar da aka haifa jiya ma ta iya." Ta riƙe hannunsa da tsumman a ciki. "Shekara saba'in ina jin wannan suna, Nasiru. Na gaji."

Labarin kowa ya san shi a layin. Lokacin yaƙin Bama, a yaƙin duniya na biyu, Turawa sun nemi mutane daga zango, unguwar baƙi, aka ce gidan Maigida Siddiku ya ba da mutum biyu, ɗansa Hudu da wani baƙonsa Zuberu, Bazabarme irinsu, ɗan dako da ya sauka a gidan da amaryarsa. Wata safiya Maigida ya fita da Zuberu, da yamma ya dawo shi kaɗai ya ce Zuberu ya sulale a hanya, ya gudu, ya bar mace da ciki. Cikin nan shi ne Sabuwa. Hudu kuwa ya ɓace shekara uku, ya dawo bayan yaƙi, lambobinsa na soja har yau suna cikin gilashi a falon gidan.

"Uwata abu biyu ta gaya mini a kansa," in ji Kaka. "Dogo ne, sai ya sunkuya yake shiga wannan ƙofa. Kuma ƙaramin yatsansa na hagu babu, igiyar kwalekwale ta cire shi a bakin teku wajen sauke kaya. Ka je ka nemo mini shi. In gudu ya yi, in sani, zagin ya daina yi mini zafi. In ba gudu ya yi ba, a yi masa addu'a kamar kowane mamaci, kafin ni ma a ɗauke ni."

Nasrullahi bai yi nisa a boko ba, aji shida ya tsaya. Amma mutum ne mai haƙurin zama. Ya yi ta tambaya har aka nuna masa gidan ajiyar tsofaffin takardu a unguwar Adabraka. Sati uku yana zuwa duk Talata, yana wanke baƙin man hannunsa kafin ya shiga. Wata ma'aikaciya 'yar ƙabilar Ga mai farin tabarau ta ji tausayinsa, ita take buɗe masa manyan littattafan rundunar sojan ƙasa, tana bi da yatsa. An sami Zuberu Moshi, an sami Zuberu Fulani, an sami wani Zuberu Kano. Turawa ba sa tambayar sunan uba, sunan ƙabila ko gari suke liƙa wa mutum. Amma Zuberu Zabarma daga Nima babu shi, ko cikin waɗanda suka gudu.

"Wa aka ɗauka tare da shi?" ta tambaye shi da guntuwar Hausarta. "In mun ga ƙungiyar da aka sa wancan, wataƙila akwai tsohon da ya rage."

"Hudu. Hudu Zabarma. Shi ya je ya dawo."

Ta juya shafuka, ta same shi. Ta fara karantawa tana fassara masa, don a lokacin duk wanda aka ɗauka sai an auna shi an rubuta alamun jikinsa. Tsawo ƙafa shida da inci biyu. Tsage a kumatu. Ƙaramin yatsan hannun hagu babu.

Nasrullahi ya ɗago kai. Ya san Alhaji Hudu, yana yaro ya sha karɓar alewa a hannunsa. Gajere ne mai tumbi, yatsunsa goma cif, har da zobe a ƙaramin na hagu.

"Sake karanta mini, Anti."

Ta sake. Sannan ta kai yatsa ƙarshen layin inda aka yi rubutu da jan tawada, ta ɗago ta dube shi ta saman tabarau.

"Ka ce ya dawo? Nan an ce an kashe shi a Bama, alif ɗari tara da arba'in da huɗu."

Ta yi masa kwafin shafin. Ta kuma samo masa sunan wani tsoho da ya yi ƙungiya ɗaya da wannan sojan, ana ce masa Baba Salifu, yana zaune wajen 'yarsa a unguwar Malam.

Ya shiga torotoro, motar haya, ranar Asabar da goro a aljihu. Baba Salifu ya haura casa'in, idonsa ya yi fari, yana kwance a kujerar roba ƙarƙashin mangwaro. Da Nasrullahi ya ce Hudu Zabarma, tsohon bai motsa ba. Da ya ce mai yatsu tara, sai ya tashi zaune.

"Dogo? Kai wane ne nasa?"

"Jikan 'yarsa ne ni, Baba."

"Mace aka haifa ke nan." Ya taɓa goron. "Kullum yana cewa namiji ne. In sajan ya kira Hudu, sai an zungure shi yake amsawa. Ya sha bulala a kan haka, sha biyu, a ɗaure jikin ganga, muna tsaye muna kallo. Da dare ya ce mana, ku dai ku ce mini Zuberu. Maigidansa ne ya kai shi, ya ce wa Bature ga ɗana. Mutum ɗaya aka nema a gidan, yaro, ba biyu ba. Shi kuma ya ci tuwon gidan shekara biyu, Maigida ne ya tsaya masa a aure. Ya ce da wane baki zai ce a'a?"

"Yaya ya mutu?"

"Kana son ji?"

"An aiko ni ne."

Tsohon ya tauna goro ya tofar.

"Wani kogi ne, ba zan iya kiran sunansa ba yanzu. Muna haurawa da safe, kaya a ka, ruwa iya ƙirji. Mutanen Japan suna cikin gora a ɗaya gaɓar, sun bari sai da muka kai tsakiya. Na gaba da ni kansa ya fashe, ƙwaƙwalwarsa ta shiga bakina. Ruwan ya koma ja. Wanda harsashi bai samu ba, kayan kansa suka danna shi ƙasa. Mu da muka kai gaɓa bindigoginmu sun sha laka, sai adda. Ka san addar soja? Ba irin ta yankan ciyawa ba. Zuberu ya shiga raminsu shi kaɗai. Na ga ya sare hannun wani daga kafaɗa, hannun ya faɗi yana riƙe da bindiga. Na biyu ya sare shi a fuska, addar ta maƙale a ƙashi, ya sa ƙafa ya taka ƙirjinsa yana ja. A nan na ukun ya soke shi da wuƙar bakin bindiga, nan, ƙasan cibiya, ya murɗa."

Baba Salifu ya ɗaga rigarsa ya nuna wurin a jikinsa.

"Ni na harbe na ukun. Na jawo Zuberu gindin bishiya, hanjinsa a hannunsa, yana ta mayarwa ciki suna fitowa. Bai mutu da wuri ba, yaro. Har rana ta take. Yana neman ruwa, an hana mu ba mai raunin ciki ruwa, na ba shi dai. Ya ce in na koma in je Nima in faɗa. Na ce to."

"Ba ka je ba."

"Na je. Na tarar da wani gajere a ƙofar gida an kewaye shi, yana ba da labarin Bama. Ubansa ya ja ni gefe ya ce matar Zuberu ta koma ƙasarsu. Ni Bamoshe ne, ɗan ƙabilar Moshi, ba ni da kowa a Ankara. Na juya." Ya miƙo hannu yana lalube har ya sami gwiwar Nasrullahi. "Ka gaya mata da hannuna na rufe shi, na juya shi gabas yadda na iya ganewa."

Nasrullahi ya dawo Nima da takarda a aljihun gaba. Da wani ne, da kai tsaye ɗakin kakarsa zai wuce. Amma shi a bayan gidan nan ya tashi, kuma abin da aka koya masa shi ne, baƙon gida ba ya yanke magana sai ta bi ta wurin maigida. Aurensu, sunansu, rasuwarsu, duk sai an fara kai wa babban gida. Ya ga bai kamata mutanen gidan su ji wannan a bakin 'yan layi ba. Ya ce bari ya fara gaya wa Hakim a asirce, su san yadda za a yi a rufa wa kowa asiri. Kwana biyu yana neman sa bai same shi ba, don Fa'iza ta haihu, Hakim yana ta zirga-zirga. Sai ranar suna.

Hakim ƙato ne, mai ɗaga ƙarfe, aikinsa tsaron filaye a bayan gari, yana da samari da ke bin sa. Ran sunan an kafa rumfa a layi, an jera kujeru, an raɗa wa jariri Hudu tun da sassafe. An fito da gilashin lambobin an ɗora a tebur kusa da babban hoton Alhaji. Wajen ƙarfe goma, ana rabon waake, wato shinkafa da wake, da nama, Nasrullahi ya je ya durƙusa gefen kujerar Hakim.

"Yaya, Allah ya raya. In ka samu sarari ina da 'yar magana."

"Cale, mutumina, faɗi nan. Yau ba ni da sarari."

"Ta cikin gida ce."

"Duk nan 'yan gida ne. Ko maganar goshin tsohuwa ce? An ce mata sannu ai."

Nasrullahi ya ciro takardar, ya rage murya, ya gaya masa. Bai ƙara gishiri ba. Ya ce tsawo, ya ce yatsa, ya ce jan tawada. Ya ce ba ya neman komai, addu'a kawai za a yi.

Hakim ya ajiye cokali. Ya karɓi takardar ya duba, shi ya yi sakandare, yana karanta Turanci. Nasrullahi ya ga idonsa ya kai ƙarshen layin ya tsaya, ya koma farko. Sannan ya dunƙule ta.

Marin farko da bayan hannu ne, zobe ya tsaga leɓen Nasrullahi. Kafin ya miƙe Hakim ya ɗauki kwanon waaken ya kifa masa a fuska, ya kama wuyan rigarsa ya buga kansa da ƙarfen rumfa. Rumfar ta girgiza, ruwan da ya taru a samanta ya zubo kan mata, aka fara ihu.

"Ranar sunan ɗana! Ɗan bayan gida! Mu muka ba ku ɗaki, mu muka binne muku matattu!"

"Yaya, tsaya ka ji..."

Naushi ya same shi a baki. Ya ji haƙori biyu sun faɗo kan harshensa. Samarin Hakim uku ba su tambayi me ya faru ba, suka taso. Ɗaya ya fasa masa kujerar roba a baya, ɗaya ya share ƙafafunsa ya faɗi cikin laka, suka sa shi tsakiya da takalma. Haƙarƙari, ciki, kunne. Nasrullahi bai rama ba. Hannunsa na walda ne, yana lanƙwasa ƙarfe, amma bai taɓa dukan mutum ba, sai ya rufe kansa kawai. Wani dattijo ya shiga rabo aka ture shi ya faɗa kan tukunyar miya.

Hakim ya tsuguna, ya matse masa muƙamuƙi, ya cusa masa dunƙulalliyar takardar a baki.

"Ci! Ci kakan naka!"

Nasrullahi ya tofar da ita da jini. Hakim ya miƙe ya fizgo sandar ƙarfe daga ƙafar rumfa. Nasrullahi ya ɗaga hannun dama ya kare kansa, ƙarfen ya sauka a tsintsiyar hannu. Ƙarar karyewar har masu dahuwa suka ji. Bai san ya yi ƙara ba sai da ya ji muryarsa. Hannun ya lanƙwashe inda babu gaɓa.

Hakim ya sake ɗagawa.

Kaka Sabuwa ce ta ratso mutane, ba mayafi, filasta a goshi. Ba ta kalli Hakim ba. Ta zauna cikin lakar, ta ɗora kan jikanta a cinya, ƙarfen yana sama da kanta.

"Nasiru. Ka samo shi?"

"Kaka, tashi..."

"Ka samo shi ko ba ka samo ba?"

Layin ya yi tsit, sai kukan jariri daga ciki. Nasrullahi ya haɗiye jini. Maganar tana fita da iska ta gurbin haƙoran, amma an ji.

"Bai gudu ba. Shi aka kai da sunan Alhaji. Ya yi yaƙi, an kashe shi a bakin kogi. Wanda ya binne shi yana nan unguwar Malam da ransa. Ya ce in gaya miki ya juya shi gabas."

Ba ta yi kuka ba. Ta sa gefen zaninta ta share masa laka daga ido.

"Ƙarya ne!" in ji Hakim. Ya juya yana neman wani. Idonsa ya faɗa kan Hajiya Basma, babbar 'yar Alhaji Hudu, gwaggonsa, wadda ta yi jinyar mahaifinta har ya cika. Tana zaune kusa da teburin, hannunta a kan sanda. "Gwaggo, kina ji? Gaya musu ƙarya yake!"

"Ajiye ƙarfen nan, Hakim."

"Ki ce ƙarya ne!"

"Na ce ka ajiye."

Ya jira. Kowa ya jira. Hajiya Basma ta kalli ƙasa, ba ta ƙara ko kalma ba. Ƙarfen ya yi ta sauka a hankali har ya taɓa laka, Hakim ya sake shi. Ya tsaya yana numfashi kamar wanda ya yi gudu, sannan ya shige gida. Baƙi suka fara tashi ɗaya bayan ɗaya, abinci a kwano ba a ci ba.

Masu tasi biyu suka ƙi ɗaukar Nasrullahi saboda jini, na uku ya ɗauka. An sa masa simintin ɗori a hannu har gwiwa, an ɗinke leɓe, an ce haƙarƙari biyu sun tsage. Wasu suka ce ya kai ƙara wurin 'yan sanda. Ya ce ba abin da aka aike shi ke nan ba.

Kaka Sabuwa ta je wurin liman da kanta. Aka sa ranar Juma'a bayan la'asar, a ƙaramin masallacin layi, addu'ar Zuberu, da sunansa. Tun safe take suyar masar sadaka ita kaɗai, ta hana kowa taɓa tandar. Babban gida ba su aiko ba, ba su hana ba. Gilashin dai an mayar da shi falo, an ja labule. Fa'iza in ta hango tsohuwa sai ta koma ɗaki.

Da aka kira salla Nasrullahi ya tsuguna bakin kwata a ƙofar masallaci da buta. Da hannun hagu ya wanke fuska, ya lallaɓa wajen ɗinkin. Da ya zo ƙafa abin ya gagara. In ya riƙe buta ba hannun cuɗawa, in ya matse ta da gwiwa sai haƙarƙarin su soke shi. Butar ta kife, rabin ruwan ya tafi kwata. Ya tsaya yana kallonta, ana ta da iƙama a ciki.

Wani ya tsaya a kansa, ya rufe masa rana. Ya gane takalman. Ya jawo karyayyen hannun ya manna a ƙirji.

Hakim ya sunkuya ya ɗauki butar, ya ƙara ruwa daga tasa, ya fara zubawa a kan ƙafar dama, siriri, yana kallon bango. Nasrullahi ya sa hannun hagu ya cuɗa tsakanin yatsu, ya kai diddige. Ya miƙa ta hagu. Hakim ya zuba har ruwan ya ƙare, ya ajiye butar a inda ake ajiyewa, ya cire takalmi ya shiga sahun baya.

Nasrullahi ya dafa bango ya miƙe, ya bi ta ɗaya ƙofar.